Kunyar Dela a Mashigi

Shekara talatin da tara Dela tana da ɗa namiji, bakinta bai taɓa furta sunansa ba ko sau ɗaya. Sunan yaron Sama'ilu, ni dai zan faɗa tunda ba ni na haife shi ba. Shi ne ɗanta na fari. A gidansu kuwa, gidan Fulanin da suka jingine sanda suka kama fartanya a gefen Gwiwa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ya dame ta ko da rigarsa ce ta kama da wuta. Kunya ake ce wa abin, har yabon mace ake yi da ita, Dela kuma ta fi kowa iyawa. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan na Kazaure". In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya ta amsa wa bango. Akwai ma wani mai manja a kasuwar Gwiwa da aka yi rashin sa'a sunansu ɗaya, bawan Allah ya tsufa bai san dalilin da Dela ke ce masa "kai mai jarka" ba.

Tun daga yaye aka bar Sama'ilu a hannun kakarsa, uwar Dela. Can ya ji ƙannenta suna ce mata Adda, wato yaya, shi ma ya ɗauka, har ya yi gemu bai sake ba. Ya yi karatu, ya zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Kazaure, ya auri Sadiyya. Daga ranar Dela ta samu ɗan aike. Sai ka ga su uku a tsakar gida, tsakaninta da ɗanta bai fi taku biyu ba, ta ce, "Sadiyya, tambayi mijinki ko zai sha fura." Sadiyya ta juya ta tambaya, ya amsa, ta sake juyowa ta kawo amsar da kowa ya riga ya ji.

Kada wani ya ce ba ta son sa. Cikin 'ya'yanta bakwai babu wanda take ji har cikin ƙashinta kamar shi. Abin dai ba shi da ƙofar fita ne.

A daminar bara ƙafafunsa suka fara kumbura. Aka ce ƙoda ce, aka shiga kai shi Kano wanki. Bana da gero ya fara nuna, Sadiyya ta hau acaɓa ta zo Gwiwa ita kaɗai, ta sami Dela tana tankaɗe, ta gaya mata abin da likita ya faɗa ba tare da ta sakaya ba: ƙodar duka biyu sun gama aiki, zuciyar ma ta fara gajiya. Dela ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta ci gaba da tankaɗenta har garin ya ƙare. Sannan ta zaga bayan rumbu kamar za ta duba kaji, ta dafa jikinsa, ta yi kukan da ba wanda ya ji sai kajin.

Da ta dawo Sadiyya ta isar da saƙon da ya kawo ta. Malam yana so kafin a koma makaranta ya ga inda aka haife shi. Ba a Gwiwa aka haife shi ba. Shekarar da Dela ta je goyon ciki, iyayenta sun kora shanu kudu neman ciyawa, suka sauka a bakin kogi kusa da wani tsohon gari da ake kira Mashigi, can ta sauka. Yanzu wai garin ya zama wurin da mutane ke zuwa buɗe ido, saboda tsofaffin gine-gine da kuma matsirga, inda kogin ke faɗowa daga kan dutse. Ba wata tafiyar masu hali ba ce, in ji Sadiyya: motar haya, guzuri daga gida, kwana ɗaya a masauki mai araha, washegari a juyo. Kuma ba wanda ya san takamaiman wurin sai Inna.

"Da ke za a?" Dela ta tambaya.

"Da ni mana, Inna."

To, in da Sadiyya, da sauƙi. Ta amince.

Ranar tafiya ta iso tashar Kazaure da sanyin safiya, duwatsun garin sun yi kore shar da ragowar damina. Ta tarar da shi zaune a kan benci, fuskarsa ta yi fari ta cika, ƙafarsa cikin silifas domin takalmi ya daina shiga. Ta kalle shi sau ɗaya ta wutsiyar ido, ta kau da kai. Sadiyya ta cusa jakar guzuri a mota, ta gyara wa Dela wuri a jikin taga, ta taimaka wa mijinta ya shiga, sai ta ja da baya.

"Inna, ni fa ba za ni ba."

"Ba za ki ba kamar yaya?"

"Yara ba mai kula da su."

"Shekaranjiya da wa kika ce za ki bar su?"

Sadiyya ta sunkuyo ta taga, ta rage murya. "Inna, ki gafarce ni, da gangan na yi. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauko magana daga bakinki ina kai masa. Ba muryata yake so ya ji ba. Don girman Allah ki yi masa magana, ko sunansa ne ki kira sau ɗaya ya ji. Lokaci ya ƙure mana."

Dela ta buɗe baki za ta wanke ta tas, direba ya ja mota. Ta bi surukarta da harara har suka sha kwana. 'Yan matan yanzu, ido a tsakar ka!

Tafiya ce ta yini guda. Suka sauya mota a Kano, suka wuce Zariya, ƙasa ta fara yin ja, itatuwa suka yi tsawo. Dela ta ajiye jakar guzuri a tsakaninsu. Shi kuwa malami ba ya iya shiru, yana ta nuna mata abubuwa. "Adda, kin ga wancan dutsen? Irin namu ne na Kazaure, sai dai wannan ya fi samun ruwa." Ita kuma ta ce wa gilashin taga, "Haka ne." Amma babu abin da ya wuce ta. Ta ga leɓensa ya bushe, ta ga a murfin gora yake tsiyaya ruwa ya jiƙa harshe, domin an hana shi sha da yawa. Ta ga yadda yake ɓoye haki in an tsaya sallah. Da rana ta take ta ɓare dafaffen ƙwai ta tura gefensa ba ta duba ba, kamar ƙwan ne ya gangara da kansa.

Duk hanya tana juya sunan a cikinta. Ba wani dogon suna ba ne. Ta kawo shi har maƙogwaro, sai ta tuna idon uwarta, da na gwaggonninta, da duk matan da suka mutu ba su faɗa ba, ta haɗiye. Ta ce wa ranta in an isa za ta faɗa.

Bayan la'asar suka shiga Mashigi. Garin na nan kwance a bakin kogi, da guntuwar ganuwa da awaki ke hawa, da tsohon masallacin ƙasa, da wani dogon kanti na zamanin Turawa inda a da ake awon gyaɗa da fatu, rufinsa ya yi tsatsa jemagu sun gaje shi. Akwai gadar ƙarfe da aka daina bi, masunta na ɗaure kwale-kwale a ƙafafunta. Samari da 'yan mata sai ɗaukar hoto suke a jikin bango. Dela ta taɓe baki. Wai kango mutane ke baro gidajensu su zo kallo, alhali ga kangaye nan burjik a Gwiwa ba mai ko waiwayarsu. Masaukin da suka samu a bayan kasuwa yake, ɗakuna biyu ƙanana, kowanne da katifa a ƙasa da bokiti da fankar da ba ta juyawa. Suka ci dambun da Sadiyya ta ƙulla musu, kowa a ƙofar ɗakinsa.

Da hantsi suka fita neman wurin. Dela na gaba, yana biye a hankali, in ta ji takunsa ya yi nisa sai ta tsaya gyara ɗaurin zane. Kurmin da ta sani babu shi, an sare. Inda garken babanta ke kwana yanzu gidan buga bulo ne, inji na ta ƙara. Ta kusa cewa ta manta, sai ta hango wani faffaɗan dutse da ya shiga ruwa, inda suke wanke ƙore. Daga shi ta ƙirga taku zuwa tudu, ta tsaya a kan wani fili da aka zubar da fasassun bulo.

"Adda, nan ne?"

Ta gyaɗa kai.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya nemi bulo ɗaya ya zauna, ya ce, "Yaya aka yi? Inna ta rasu ba ta ba ni labari ba." Kakarsa yake nufi.

Dela ta juya wa kogi fuska. Da kogin ta yi maganar.

"Wata yarinya ce. Bukkarsu na nan, ƙofarta na kallon gabas. Naƙuda ta kama ta tun asuba, maza sun fita da shanu, daga ita sai uwarta. Ba ta yi kuka ba, don ba a yi. Da yaron ya faɗo bai motsa ba. Uwarta ta ruga can ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta sheƙa masa, sai ya tsala ihu har maruƙa suka firgita. Aka miƙo mata shi ta kau da kai, aka ce madalla, yarinya mai kunya." Ta goge bakinta da gefen mayafi. "Amma in kowa ya fita, takan buɗe zanen ta ƙirga yatsunsa. Kullum sai ta ƙirga, kamar wani zai sace ɗaya."

Tunda yake bai taɓa jin magana mai tsawon wannan daga bakinta ba. Ta ji numfashinsa ya sauya a bayanta.

"Adda," ya ce a hankali, "yarinyar nan, tana son yaron?"

Ga ƙofa an buɗe mata har bango. Kalma ɗaya ce, ko ƙaramin yaro ya iya ta. Dela ta ji amsar ta cika mata baki, sai ga wani mai tura baro ya zo wucewa ya yi musu sannu. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Rana na yi," ta ce. "In za a ga ruwan a je a gani."

Ya yi ɗan murmushi, ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. Ita kuwa ta tsani kanta kamar ta mutu.

Acaɓa biyu suka hau zuwa matsirgar, tafiyar rabin awa cikin gonakin dawa. Daga inda babur ke tsayawa sai an gangara ta wasu matakalai da aka sassaƙa a jikin dutse, masu santsi, sun fi ɗari. Tun daga sama ana jin rugugin. Dela ta dubi matakalan, ta dubi ƙafafunsa. Da Sadiyya na nan da ta ce, gaya wa mijinki kada ya sauka. Babu Sadiyya. Ta ce wa iska, "Daga nan ma ai ana gani."

"Shekara goma sha biyar ina zana wa yara wannan a allo, Adda, ban taɓa ganinsa da idona ba. Yau kam sai na taɓa shi."

Suka sauka, yana hutawa bayan kowane taku goma.

Dela ta ga ruwa a rayuwarta, amma ba irin wannan ba. Kogi guda ne ya zo bakin dutse ya rasa ƙasa, ya zubo fari fat, tsawonsa ya fi rimi biyu. Feshinsa ya jiƙa mata mayafi tun daga nesa. Ƙarar kuwa ta cinye komai. Ga ɗalibai sun cika wurin, ga mai rake, ga mai hoto, kowa baki na motsi ba a jin kowa. Sama'ilu ya cire hula ya matsa gaba har feshin na dukan fuskarsa. Ya buɗe baki yana tarar ɗigon ruwan da aka hana shi sha, yana dariya, kafaɗunsa na rawa. Ta tsaya a bayansa, taku uku. Ta ga ƙeyarsa, ta ga furfura ta fara fito masa, ita ba ta ma san yaushe ba.

A nan ta faɗa. Ta buɗe baki ta ce, "Sama'ilu." Da ƙarfi ta faɗa, har ta ji shi a ƙirjinta, amma ko kunnenta bai ji ba, balle nasa. Ta sake faɗa. Daɗin sunan ya ba ta mamaki, ashe haka yake da sauƙi a harshe. Hawaye suka zubo, feshin ruwa ya rufa mata asiri. Ta san sarai wannan ba faɗa ba ne, wayo ne irin na matsorata. Ta yi wa kanta alkawari, in sun hau sama inda babu ƙara, za ta tsaya a gabansa ta dube shi ta faɗa, ta kuma amsa masa tambayar da ya yi.

Ba su kai sama ba. Sun ci kamar rabin matakalan ya tsaya, ya dafa dutse, ya juyo yana neman ta da ido. "Adda, ƙirjina," ya ce, ya sulale. Ta tare kansa kafin ya bugu. Rabonta da riƙe kan nan tun yana shan nono.

Wasu samari huɗu cikin masu yawon suka ɗauke shi suka haura da shi. Aka samu motar ɗaukar rake ta kai su ɗan asibitin Mashigi, ɗaki biyu da baranda, babu likita sai wata nas mai suna Rahamatu. Ta sa aka kwantar da shi, ta kama wuyan hannunsa, ta ɗaga fatar idonsa, ta yi masa allura. Samarin suka tsaya cirko-cirko a cikin ɗakin, direban ma ya leƙo, da wasu mata biyu da suka kawo yara awo. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsa da ke fita da ƙyar.

"Mama, me yake damunsa?"

"Ƙoda."

"Ɗanki ne?"

Dela ta sunkuyar da kai. Ko wannan ba a amsawa a gidansu.

"Mama, yana nisa. Matso kusa da kunnensa ki kira shi. Sau da yawa in sun ji muryar nasu sukan juyo. Kira sunansa."

Ta matso. Ta durƙusa a gefen gadon, bakinta dab da kunnensa. Sunan na nan a kan harshenta, ɗazu-ɗazu ta faɗe shi har sau biyu. Sai ta ji idanu a bayanta, maza biyar da mata uku, duk baƙi, duk suna jira su ji. Wani abu da ya girme ta ya kama mata muƙamuƙi.

"Kai," ta ce. "Kai, tashi."

"Sunansa, Mama! Ba shi da suna ne?"

"Kai wannan. Tashi mu tafi gida."

Ɗaya daga cikin matan ta gane, ta ce, "Wayyo, ɗan fari ne. Ku fita, ku ba ta wuri." Samarin suka fara ja da baya, suna turereniya a bakin ƙofa, wani ya tsaya neman takalminsa. Dela na jiran na ƙarshe ya fita. Ta ja numfashi, ta buɗe baki.

Rahamatu ta saki hannunsa, ta ajiye shi a kan ƙirjinsa a hankali. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Ta shafa idanunsa, ta jawo zanen gadon ta rufe shi.

Dela ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba don kunya ba wannan karon, kukan ne ya ƙi zuwa. Tana kallon yatsun ƙafarsa da suka leƙo ta ƙarshen zanen, kumburarru, da jar ƙasar matsirga a jikinsu.

Can nas ɗin ta laluba aljihunsa ta ciro waya. "Mama, wa za a kira?"

"Matarsa. Sadiyya."

Ta nemo lambar, ta danna, ta sa mata a kunne. Bugu ɗaya aka ɗauka, da alama wayar na hannunta tun safe.

"Malam? Kun ga ruwan? Yaya Inna?"

"Ni ce," in ji Dela. Muryarta ta fito a bushe. "Sadiyya, Sama'ilu..."

Ba ta kai ga sauran ba. Wata ƙara ta murna ta fashe a cikin wayar, har nas ɗin ta ji daga inda take tsaye.

"Inna! Sunansa kika faɗa! Wallahi sunansa kika faɗa! Alhamdu lillahi, na san za ki iya. Ya ji? Me ya ce? Kai, yau Malam ba zai yi barci ba don daɗi. Inna, ba shi wayar, don Allah ba shi in ji muryarsa."

Dela ta riƙe wayar da hannu biyu, tana duban zanen. Sadiyya na ta dariya a kunnenta, tana cewa ba shi, Inna, ba shi.